Rawaya a Tsakar Gida: Wasiƙa daga Tamale

A watan Janairu, idan mutum ya bar Tamale ta ƙasar Ghana ya miƙa yamma a kan hanyar Nyankpala, ba abin da ido ke cin karo da shi sai toka. Wuta ta bi daji ta lashe ciyawa, itatuwan kaɗanya sun yi cirko-cirko da gindinsu baƙi ƙirin, hazon hunturu ya rufe nesa. A irin wannan wuri ne na fara ganin furen. Yana kwance dab da ƙasa, ba ganye ko ɗaya a tare da shi, faɗinsa ya kusa tafin hannun yaro, ƙunnuwansa biyar, launinsa ruwan ɗorawa kamar an zuba gwaiduwar ƙwai a kan gawayi. Na sa mai babur ya tsaya. Da na ɗaga kai sai na ga ashe ba ɗaya ba ne, sun watsu nan da can har inda hazo ya yanke gani.

Na tambaye shi sunan abin, ya faɗa mini da Dagbanci, ban riƙe ba. Sai ya sa tsinke ya ɗan tona gefen furen, ya ƙwarzani saiwar, ya nuna mini cikinta. Nan take na gane ta. Rawaya ce. Na san wannan saiwa tun ina yaro, na sha ganinta a busashe a shimfiɗar masu magani a kasuwar Kurmi, na ga an jiƙa ta a ƙwarya an ba mai shawara. Na yi shekara arba'in da ɗoriya ina cewa riga rawaya, hula rawaya, amma sai da na zo ƙasar Dagomba na ga mai sunan da ranta.

Abin ya tsaya mini a rai. Mu a Kano mun riƙe sunan, har ya zama sunan launi da kowane ɗan firamare ya sani, amma tsiron ya fita daga idonmu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano an daɗe ana noma ta kowace shekara ba hutu, taki ke riƙe da ita, babu saura balle daji. Rawaya kuwa 'yar saura ce da fako da ƙasa mai burji, inda garma ba ta yawan bi. Don haka ba ta iso mana sai a buhu, an sassare ta an shanya. Wani likita ɗan Sikotlan, Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafinsa na 1916, ya sa ta a ciki tare da amfaninta na rini. Masana kuma suna kiranta Cochlospermum tinctorium: kalmar farko tana nuni da ƙwayar irinta mai lanƙwasa kamar dodon koɗi, ta biyun kuma tana nufin abin rini. Wato su ma da aikinta suka san ta.

A Tamale rawaya ba ta zama tarihi ba tukuna. Duk wanda ya shiga kasuwar Aboabo wajen masu man kaɗe zai ga iri biyu a jere cikin manyan ƙore da robobi: wani fari-fari kamar hauren giwa, wani kuma rawaya. Baƙo yakan ɗauka kaɗanyar ce iri biyu. Kaɗanya ɗaya ce. Bayan mata sun farfasa ƙwarar, sun soya, sun niƙa, sun yi ta bugun ƙullun da hannu har mai ya taso, a wajen dafa man ne suke jefa saiwar da aka daddaka, ta saki launinta. Masu fitar da man zuwa Turai da Amurka sukan rubuta "borututu" a jikin kwali, sunan wata 'yar'uwarta ce ta ƙasar Angola. Amma saiwar da ke shiga tukunyar matan nan daga dajin nan take fitowa, wani ne ya je da dagi ya haƙo ta.

Maƙwabciyata a unguwar da nake haya tsohuwa ce Badagomba, sana'arta ke nan tun tana budurwa, kuma tana jin Hausar Zango sarai, irin Hausar da fataken goro suka bari a wannan yanki tun zamanin da ake bin hanyar Gwanja zuwa Salaga. Ranar da na gaya mata ina so in shuka rawaya a tsakar gida, ta daɗe tana dubana.

"Malam, za ka yi mai ne?"

Na ce, "A'a, Mma. Furen nake so in riƙa gani."

Ta ce, "Wannan ai na daji ne. Allah ke shuka shi, wuta ke tashe shi. Ba a kawo shi gida."

Ba raini a maganarta, ka'ida ce ta gaya mini. Kuma ka'idar ba baƙuwa ba ce a wurina, don haka muke a gida. Bahaushe da Badagombe sun yi tarayya a nan: abin da ake shukawa a bayan ɗaki shi ne abin da za a ci ko a sha ko a sayar. A lambunan Gumbihini da ke cikin Tamale za ka ga yakuwa da lalo da alayyafu, wanda su ma nan "alefu" suke ce masa, kamar yadda za ka gan su a lambunan bakin Jakara. Idan kuwa ado ake so, a biranen biyu sai a tafi wajen masu sayar da furanni a bakin titi a sayo baƙin tsirrai da aka kawo daga wasu nahiyoyi, masu shan ruwa safe da yamma. Furen dajinmu bai shiga ko ɗaya daga cikin rukunan nan biyu ba. Bai kai abinci ba, kuma ba a ɗauke shi ado ba.

Inda muka bambanta da mutanen nan shi ne su har yanzu suna da dajin. Ruwan saman Tamale yana kai wa milimita dubu da ɗoriya a shekara, ya fi na Kano, kuma ƙasa ba ta matse kamar tamu ba. Suna kuma da wata al'ada ta barin wuri. A ƙauyuka da dama akwai kurmin da ba a sara, ba a ƙonawa, yana hannun tindana, mai kula da al'amuran ƙasa na gargajiya; na Jaagbo a yankin Tolon da na Malshegu kusa da gari sanannu ne. Ni Musulmi ne, abin da ake yi a cikinsu ba hanyata ba ce, amma ina ganin abin da barin ya haifar: itatuwa da tsirran da suka ƙare a kewaye suna nan a ciki. Kulawar Badagombe da tsiron daji ita ce ya ƙyale shi a inda yake. Wannan dabara tana aiki muddin dajin na nan. Sai dai Tamale gari ne mai saurin faɗaɗa, filin da na ga rawaya a cikinsa shekara uku da suka wuce yanzu an kafa masa duwatsun fuloti. Ga kuma kasuwar man kaɗe da ke ƙara buɗewa, kuma abin da ake buƙata a jikin rawaya shi ne ainihin abin da take rayuwa da shi. Wanda ya tsinki ganye ya bar tsiro. Wanda ya haƙe saiwa ya tafi da shi ɗungurungum.

Turawa sun riga mu shiga wannan hali, shi ya sa nasu salon ya zama daban. A Ingila akwai wani ɗan fure rawaya mai sheƙi da ke fitowa a makiyaya, sunansa a harshensu yana nufin kofin man shanu, masana kuma suna kiran danginsa Ranunculus, wato ɗan kwaɗo, saboda son da yake wa wuri mai laima. Ba ya yin zafin ƙasarmu. A Afirka ana samun danginsa a tsaunuka masu sanyi irin na Habasha da Kamaru. A da manomi bai ɗauke shi komai ba, dabba ma ba ta son sa ɗanye don yana da guba. Amma tsakanin 1930 da 1984 kusan kashi 97 cikin 100 na tsofaffin makiyayun Ingila da Wels masu irin waɗannan furanni sun tafi, noman zamani ya cinye su. Yanzu ana sayar da irin furannin daji a ƙunshi, mutane na shukawa a bayan gida, har wata ƙungiya mai suna Plantlife ta fara kira tun 2019 cewa a daina aske ciyawar gida a watan Mayu don su samu su yi fure. Sai da abin ya kusa ƙarewa suka buɗe masa ƙofar gida. Wani abin sha'awa, itatuwan dangin rawaya da ke Indiya da Amurka ta Tsakiya, da sunan wancan ɗan furen nasu Turawa suke kiransu, don kamar da suka yi, alhali ba dangin iya ba na baba.

Ban bi shawarar Mma ba, na kawo ta gida. Karon farko na kashe ta, kuma da hannuna. Na samo gutsuren saiwa mai ido daga wajen wani mai haƙa, na sa a tukunyar ƙasa, na cika da taki mai kyau, na riƙa ba ta ruwa kullum kamar yadda na ga ana yi wa tumatir. A garin da mutane ke yawo da jarkoki neman ruwa da rani, ni ina zuba mata kofi biyu safe da yamma. Bayan mako uku na tona na tarar ta ruɓe ta yi baƙi. Mma ta duba ta ce, "Ka ba ta abin da ba ta roƙa ba."

Daga nan na koma na lura da yadda take zaune a dajin. Rawaya tsarin rayuwarta a juye yake da na kayan lambu. Da damina take fitar da rassa da ganye mai yatsu kamar na rogo, ta tara abinci ta kai ƙasa. Da kaka ganyen ya bushe, abin da ke sama duk ya mutu, wanda bai sani ba sai ya ce ta tafi. Tana nan a ƙasa, cikin saiwa mai kauri da ta ƙunshi ruwa da abincin da za su kai ta wata damina. A tsakiyar rani, lokacin da komai ya bushe, sannan take fure, kuma ta fi yi bayan wuta ta wuce ta share mata fili. Ƙudan zuma kuwa, da ba su da wani abin kirki a wannan lokaci, sai su yi mata caa. Bayan fure sai ƙwanso, idan ya bushe ya tsage ya fitar da farin kaɗa mai laushi kamar na rimi, 'ya'yan suna lulluɓe a ciki.

Karo na biyu na bar tukunya. Na zaɓi kusurwar da rana ke duka tun hantsi, inda ruwa ba ya kwanciya, na haƙa rami mai zurfi na cakuɗa ƙasar da burji da yashi, ban sa taki ba. Na dasa a farkon damina, cikin watan Mayu, na bar ruwan sama ya yi aikinsa. Aikina bai wuce cire ciyawar da ke neman rufe ta ba, da kewaye wurin da guntun zana saboda awaki. Da ruwa ya ɗauke a Oktoba na ɗauke hannuna ni ma. Wannan shi ne mafi wuya: ka ga tsironka yana bushewa, ga buta a kusa, ka haƙura.

Batun wuta na yi ta juya shi. Ba zan kunna wuta a tsakar gidan haya ba, kuma ba na cikin masu ganin ƙunar daji abin wasa ne. Mutanen Ghana ba su manta gobarar 1983 ba, wadda ta haɗu da fari ta cinye gonaki da kurmi, kuma tun 1990 akwai dokar da ta hana cinna wa daji wuta barkatai, ko da yake masu farautar gafiya da masu neman toho ba su fasa ba. Abin da na yi shi ne na yanke busassun rassan dab da ƙasa, na share wurin tas, na barbaɗa tokar murhu kaɗan. Shekarar farko ba ta yi komai ba. Damina ta dawo ta sake ganye, ya fi na bara yawa.

Duk da haka, dasa saiwa ba ita ce hanyar da zan so a bi ba, don kowace saiwa da aka dasa a gida daga daji aka cire ta. Iri ya fi. Na tsinko ƙwanso a watan Maris, na raba 'ya'yan da kaɗar. Ɓawonsu tauri gare shi, idan aka shuka haka nan kaɗan ne ke tsirowa, sai an ɗan goga su a kan dutse ko an jiƙa su a ruwan zafi sun kwana. Cikin ashirin da na shuka bakwai suka fito, biyar suka rayu. Har yanzu ba su yi fure ba, saiwa suke ginawa. A Nyankpala akwai cibiyar binciken noma ta yankin savana, ga kuma tsangayar aikin gona ta jami'ar UDS da aka kafa a 1992. Ina ganin tsiron da mata da yawa ke dogara da shi a sana'arsu, wanda kuma ba ya neman ban ruwa ko taki, ya cancanci a koya wa mutane shuka shi a gefen gona kamar yadda ake koya musu renon kaɗanya. Mu kuma a Kano ko don yara su ga inda kalmar ta fito, ya kamata a ce akwai shi a harabar makarantu.

Ranar wata Juma'a a ƙarshen Janairun bana, na fito alwalar asuba da tocila, sai hasken ya faɗa kan wani abu a kusurwar. Toho uku ne dunƙule a kan ƙasa tsirara, ɗaya ya fara buɗe baki. Da rana ta ɗaga ya buɗe gaba ɗaya. Na aika yaro ya kira Mma. Ta zo da hannunta duk mai, ta tsuguna ta daɗe tana kallo, ba ta taɓa ba.

"Malam," in ji ta, "in ya yi 'ya'ya ka ajiye mini. Akwai wuri a bayan ɗakina."