Hazon Hunturu Da Bom Ɗin Faransa

Waɗansu suna zaton ƙin yaƙi al'adar Turawa ce kawai, su fito titi da alluna suna kuwwa. Ni ban yarda ba. Mu ma mun taɓa tashi tsaye a kan makamin yaƙi, dalilinmu kuwa iska ce.

Kowa ya yi hunturu a nan Unguwar Dosa ya san inda hazo yake fitowa. Daga hamada yake tasowa, ya sauka bisa rufin kwano da bakin randa da garin da aka shanya. To, cikin 1959 Faransa tana shirin gwada bom ɗin nukiliya a Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Tokar wannan bom guba ce, iska kuwa ba ta san iyakar ƙasa ba. Ina za ta kai ta in ba kanmu ba?

A watan Disamba na wannan shekara waɗansu mutane suka taso daga Ankara cikin motoci, wai za su je su zauna a filin gwajin, ko Faransa ta ji nauyin ransu. Cikinsu akwai Michael Scott, wani limamin Kirista, da Bayard Rustin, baƙar fatar Amurka. Ba su da ko sanda. Hukumar Faransa ta tare su a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, ta komo da su. Ran 13 ga Fabrairu 1960 bom ya tashi.

Da aka yi gwaji na uku, ran 27 ga Disamba 1960, haƙurin Nijeriya ya ƙare. Farkon Janairu 1961 gwamnatin Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa, ta hana jiragenta na ruwa da na sama shigowa. Ka tuna fa, watanmu uku ke nan da samun mulkin kai. Wannan ƙarfin hali yana ba ni sha'awa ƙwarai, ko da yake maƙwabtanmu na Nijar da Chadi sun ji a jikinsu, don kayansu ta tashoshinmu suke bi. Bayan 'yan watanni aka buɗe wa jiragen hanya.

Faransa dai ba ta fasa ba. Bayan gwaji na huɗu ta koma fasa bom ɗin a ƙarƙashin dutse, ba ta bar hamada ba sai da ta cika gwaji 17, a 1966.