Birane a Kunnen Tasawa

Ana cewa wanda yake son sanin halin birni ya shiga kasuwarsa. Wannan shawara ce ta mai kuɗin mota. A ƙasar Tasawa da ta Mayahi akwai dattawa da dama waɗanda suka yi furfura ba su taɓa kwana a Yamai ko Kaduna ba, amma in hira ta kai ga waɗannan garuruwa sai ka ji suna ba da bayanin halayensu kamar masu zancen surukansu. Da kunne suka san su. Shekara sittin da ɗoriya ke nan akwatin radiyo yana sauke muryoyin manyan birane a ƙarƙashin bedi da gawo, kuma duk birnin da ya daɗe yana magana, ko ya so ko ya ƙi, sai ya tona abin da ke cikinsa.

Tasawa ba baƙuwar girma ba ce. Tana bisa babbar hanyar kwalta, kusan rabin tafiya tsakanin Maraɗi da Damagaram, kuma sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka cikinta a watan Janairu na 1851, gari ya tarar mai kasuwa da fatake. A ƙasarta, wajen Maijirgi, tafiyar ɓarnar Voulet da Chanoine ta ƙare a 1899. Daga baya Nasara suka ajiye kumandan a nan, sannan a 1927 suka ɗauke mulkin suka mai da shi Maraɗi. Garin da ya taɓa riƙon gaba aka karɓe masa ba ya yi wa manyan birane kallon tsoro, kallon sa'a yake yi musu, har da ɗan murmushi. Mayahi kuwa ta kauce wa babbar hanya ta yi arewa, ta jingina da Gulbin Kaba, ta riƙe hatsinta da wakenta da bisashenta. Saurarenta ya fi na Tasawa haƙuri.

Akwai wani tsohon malamin lakwal a Tasawa wanda ya fara aiki a ƙauyukan Mayahi a farkon shekarun 1970, ya kuma mai da saurare wani irin karatu. Radiyo kulob ne ya sa shi a hanya. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob ɗin radiyo a Nijar, kuma galibi malaman makaranta ne ake danƙa wa aikin a karkara. Da dare ya yi sai a tara mutane a ji shiri guda tare, a kan noma ko lafiya ko haraji, a kashe akwati, a buɗe mahawara. Malami ya naɗi maganganun a faifai ya aika Yamai, bayan makonni sai manomi ya ji muryar kansa tana fitowa daga akwatin da ya saba jin ta shugaban ƙasa. Malamin bai manta yadda wasu dattawa suke gyara rawani kafin su yi magana ba, ko da yake an sha gaya musu na'urar ba ta da ido. A waɗancan darare ne ya fara lura cewa kowane birni yana da yadda yake buɗe baki.

Yamai, a kunnensa, magana take yi bi da bi. Gidan radiyon ƙasa, wanda ya fara aiki a 1958, aka kuma raɗa masa suna Muryar Sahel a 1974, yakan ba da labari guda da Faransanci, ya maimaita da Hausa da Zabarmanci, ya bi sauran harsunan ƙasa ɗaya bayan ɗaya, kowane da lokacinsa, kamar masu jiran layi a bakin ofishi. A cikin wannan akwai adalci, ba a musu, domin ƙasar da ke da harsuna da yawa ba ta da wata dabara da ta fi ta. Amma akwai kuma halin garin ma'aikata: labari yakan fara da wanda shugaba ya karɓa da wanda minista ya sallama, sai can ƙarshe a tuna da damina. Mutanen karkara sun koyi karanta shirun Yamai fiye da maganarta. In aka ji kiɗan soja ya daɗe ba mai cewa uffan, kamar yadda aka yi a 1974 da 1996 da 2010, ba a bukatar mai fassara. Sau ɗaya malamin ya ji birnin ya saki jiki ya yi magana kamar mutum, wato lokacin Babban Taron Ƙasa na 1991, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Nuwamba, da radiyo ya riƙa kawo mahawarar har cikin gonaki, mutane suna noma da akwati rataye a reshe, ana kashe kuɗin pil ba a ji ciwo.

Kaduna wata aba ce daban, kuma a kanta malamin yakan daɗe in ya fara. Gidan radiyon da gwamnatin Sardauna ta kafa a 1962 yana shigowa ƙasar Nijar a mita 49 da ƙarfi kamar daga bayan gari yake, har yaran da ba su san sunan gwamnan Maraɗi ba sun san sunayen masu gabatar da shirye-shiryensa. Abin da ya fi kama mutane shi ne Zaɓi Sonka: waƙa guda, ta Shata ko ta Ɗan Maraya, a gabanta kuwa jerin gaisuwa mai tsawon da sau da yawa ya fi na waƙar. Wane yana gaida wane a Gusau, da wance a Jos, da abokin ciniki a Fatakwal, da duk wanda ya san shi. Masu gajen haƙuri suna ganin ɓata lokaci ne. Malamin kuwa a nan ya ce ya gane Kaduna. Gari ne da Turawan Ingila suka gina don bariki da jirgin ƙasa da ofisoshi, kusan kowa a cikinsa baƙo ne da ya baro uwa ko mata ko aboki a wani wuri, saboda haka gaisuwa ta zama babbar hajarsa. Ƴan bida na Korgom da Kanambakashe ba su sha wuyar fahimtar wannan ba, don su ma haka rayuwarsu take daga kaka zuwa faɗuwar ruwa. Wasu har takarda suke ba direbobin da ke bin hanyar Katsina a jefa musu a gidan waya, su yi wata suna jiran a ambaci sunansu.

Kano ta daɗe da radiyo, tun akwatunan waya da aka riƙa kafawa a 1944, amma ainihin muryarta ta fito fili ne bayan buɗe gidaje masu zaman kansu, musamman Freedom Radio a 2003. Zangon FM ba ya cin nisa, don haka a bakin ƴan ci-rani Tasawa ta fara jin labarin. Wani tsohon ɗalibin malamin da ya yi shekaru yana sayar da shayi a can ya ce masa: «Mushe, ai mutanen nan ba sauraren radiyo suke ba, gardama suke da shi.» Kuma haka ne. Tela yana taka keke yana mai da wa akwati martani, mai a-daidaita-sahu yana tuƙi yana kiran waya a sa shi a layi, ɗan siyasa ya sayi minti goma ya ba sojan bakansa ya yi wa abokin hamayya wankin babban bargo, gobe wancan ya sayi nasa ya rama. Shiri irin Inda Ranka yakan ɗauki ƙorafin unguwa guda ya mai da shi zancen gari kafin a kwanta. Birnin ciniki ne, har ra'ayi tayawa ake yi a yi ragi.

Maraɗi ba ta bukatar dogon bayani ga wanda ya ji gidajenta na FM ko na yini ɗaya: talla, wa'azi, sanarwar ɗaurin aure, talla. Damagaram kuwa ta fi son a yi dariya kafin a faɗi gaskiya, shi ya sa wasan kwaikwayon su Yazi Dogo ya yi kaka-gida a can, kuma a can ne fadojin samari suka fara yawaita a shekarun 1990, suna shan shayi suna aika wa juna gaisuwa ta radiyo da sunayen da suka raɗa wa kansu.

Sai dai abin da malamin ya fi riƙewa bai tsaya ga bambancin wannan birni da wancan ba. Ya lura cewa duk sa'ad da gari ya ƙasaita, kunnensa gajarta yake yi. Bakano yana iya wuni yana juya akwati daga tasha zuwa tasha bai fita daga Kano ba, domin abin da zai same shi gobe galibi a cikin garinsa ake ƙulla shi. Manomin Mayahi ba shi da wannan gata. Kuɗin tiyar hatsinsa yana rataye da kasuwar Dawanau da darajar naira, kuɗin ragonsa da buɗewar iyaka, abincin gidansa da lafiyar ɗansa da ke Agadas ko Libiya ko Abijan. Da Najeriya ta rufe iyakokinta a 1984, a shekarar da ruwa ya ƙi, yunwar da ta biyo baya sunan shugaban waccan ƙasa aka laƙaba mata, El Buhari. An sake rufewa a 2019, an kuma rufewa a 2023, har da yanke wutar lantarki. Mutumin da ake yanke masa hukunci daga nesa dole ya kasa kunne nesa. Wannan ya sa sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, da na Jamus da ya biyo a 1963, da Muryar Amurka a 1979, suka samu a ƙauyukan nan masu saurare da ba su fashi. Ƙarfe takwas da rabi na dare, bayan lisha, tabarma takan cika, kuma baƙon da ya zo daga birni da tunanin zai ba ƙauyawa labarin duniya yakan sha mamaki in wani tsoho ya gyara masa sunan firaministan Isra'ila.

Wannan dogon kunne yana da ɗacinsa. A 2005, bayan fari da fara, yara suka riƙa ramewa a jihar Maraɗi, uwaye suna ɗaukar su zuwa cibiyoyin ciyarwa, hukumomin Yamai kuwa suna ƙin a kira abin yunwa. A wancan lokaci mutanen Tasawa da Mayahi daga Landan suka ji ana faɗin abin da ke faruwa a cikin gidajensu. Malamin bai taɓa ba da wannan labari da alfahari ba. Abin kunya ne, a ganinsa, a ce kukan maƙwabcinka sai ya ƙetare teku ya dawo kafin ka ji shi a akwati.

Gidajen radiyon karkara, waɗanda aka fara da na Bankilare a 1999 suka bazu cikin ƙasa, sun rage wannan kunya. A nan ne ake cigiyar raƙumi da irin tambarin da ke wuyansa, a faɗi ranar rigakafi, a ja kunnen manomi da makiyayi kafin a saki gonaki, a yi ta'aziyya da sunan unguwa. Mata, waɗanda a da akwati yakan bi mai gida zuwa dandali ya bar su da turmi, sun samu tashar da ke magana da irin Hausarsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga masu koyarwa. Shekaru da dama Hausar Kaduna da Landan ce ma'aunin iya magana, har yaron Urafan yana jin nauyin furta kalma yadda kakarsa take furta ta.

Amma sauƙi ya zo da nasa tarko. Da manyan gidajen waje suka koma bin zangon FM ta hanyar tashoshin cikin gida, murya ta washe, shuu ɗin gajeren zango ya kau, mutane suka daina sayen akwati mai dogon eriya. Sai ga shi abin da ke shigowa ta ƙofa ɗaya, da sa hannu ɗaya ake rufe shi. A watan Agusta na 2023 aka dakatar da RFI a Nijar, a Disamba na 2024 aka dakatar da BBC na wata uku, a Maris na 2025 kuma Muryar Amurka ta yi shiru bisa umurnin gwamnatin da ke biyanta. Kowa yana da ra'ayinsa a kan dalilan, kuma malamin ba ya cikin masu ɗaukar gidajen waje tamkar ba su da tasu manufa. Abin da ya dame shi shi ne wanda ya gaji gurbin. Samari sun koma ga salula, kowa da abin toshe kunnensa, saƙon murya yana yawo a WhatsApp ba a san bakin da ya fara faɗinsa ba. A tabarmar da, in akwati ya faɗi abin da hankali bai ɗauka ba, nan take wani zai ce a juya a ji ta bakin Jamus. Yanzu mutum goma suna zaune wuri ɗaya, kowa da labarinsa, kowa ya rantse nasa ne gaskiya. Halin da malamin ya sani na manyan birane, wato kowa ya ji abin da yake so daga wanda yake so, shi ne ya iso ƙauye, ba tare da ya zo da wutar birni ko asibitinsa ba.

Da ƙungiyar raya al'adu ta gayyace shi ya yi wa matasan malamai magana, bai yi musu wa'azi a kan salula ba, don shi ma da ita yake jin jikokinsa da ke Yamai. Tambaya ya yi musu a kan faifan radiyo kulob: dubban muryoyin manoma da mata da makiyaya da aka naɗa tun daga 1962, da Hausar Tasawa da ta Gobir da ta Adar kamar yadda ake yin ta kafin a gauraya, wa ya san halin da suke ciki, wa kuma ya taɓa neman a kwafo na ƙasarsu a kawo lakwal yara su ji? Aka yi shiru. Daga bisani wata malama daga Mayahi ta ɗaga hannu ta ce: «Baba, in an rubuta takardar, wa za a kai wa?» Aka ɗauko alli aka fara jera sunayen ƙauyukan da ya tuna ya yi naɗi a cikinsu, shi yana faɗi tana rubutawa, har allon ya cika aka koma bayan wata tsohuwar kalanda.