Yini Guda Tsakanin Aushwits da Ramin Gishiri

Yau ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba, abin da idona ya gani ne a ƙasar Folan, kuma ina roƙon ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe ko da wani wurin zai yi muku ɗaci.

A birnin Karako akwai wata tafiya ta yini guda da kamfanonin yawon buɗe ido suke sayarwa baƙi, wadda ake haɗa wurare biyu a tikiti ɗaya. Da safe a kai ka sansanin Aushwits, inda gwamnatin Hitila ta hallaka mutane sama da miliyan ɗaya a Yaƙin Duniya na Biyu, da yamma kuma a gangara da kai cikin ramin haƙar gishiri na Wiyelicka, wanda ya haura shekara 700 da farawa. Masu tallar tafiyar sukan nuna kamar na safen shi ne magani mai ɗaci, na yamman kuma zumar da ake lasa a wanke baki. Ni dai na yi tafiyar, kuma abin da nake son faɗa muku shi ne zumar ba ta wanke komai, don kuwa ɗacin yana bin mutum har ƙarƙashin ƙasa.

Dalilin zuwana Folan shi ne autanmu da yake karatu a can, shi ya matsa sai na je na ga inda yake zaune. Shi ne kuma ya yankar mana tikitin, ya ce, "Yaya, ke da kike rubuta labarin mugunta kullum, ai bai kamata ki bar ƙasar nan ba ki ga wurin nan ba." Mu a gida wannan yaƙin mun san shi ne da Yaƙin Hitila, kuma yawancin abin da muka taso muna ji labarin tsofaffin sojojinmu ne da Turawa suka kwasa zuwa Bama suka yaƙi Jafanawa. Abin da ya faru a tsakiyar Turai kuwa ba kasafai ake hirarsa a tsakar gida ba.

Tun da duku-duku bas ya ɗauke mu, muka yi tafiyar sa'a ɗaya da rabi zuwa yamma da Karako, zuwa wani gari da mutanen ƙasar suke kira Oshwiyencim. Jamusawa ne suka sauya masa suna zuwa Aushwits bayan sun mamaye Folan a 1939. Da muka isa aka ba kowa na'urar saƙalawa a kunne, don jagorar tamu ta yi magana a hankali kowa ya ji ba sai ta ɗaga murya ba. Muka shiga ta ƙofar ƙarfen nan da aka rubuta a samanta da Jamusanci wai aiki shi ke 'yantar da mutum. Ban taɓa ganin ƙarya da aka ƙera da ƙarfe irin wannan ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kyan tsarin wurin. Gine-gine ne na jan bulo masu bene, a jere reras, da bishiyoyi a gefen hanya, ka rantse makarantar kwana ce, in ba don waya mai ƙaya da aka zagaye su da ita ninki biyu ba. Asalinsa barikin sojan Folan ne. Ranar 14 ga Yuni 1940 aka kawo fursunoni na farko, mutum 728, 'yan Folan. Daga nan har zuwa Janairun 1945 an kawo aƙalla mutum miliyan 1.3, kuma kimanin miliyan 1.1 daga cikinsu ba su fita da rai ba. Wajen miliyan ɗaya Yahudawa ne, sai 'yan Folan sama da 70,000, sai 'yan ƙabilar Roma masu yawo ƙasa-ƙasa kimanin 21,000, sai fursunonin yaƙi na Tarayyar Sobiyet kimanin 15,000.

To amma lissafi ba ya shiga zuciya, kowa ya san haka. Abin da ya shiga tawa kayan mutane ne da aka tara a bayan gilashi. Ga tulin takalma, har da na yara waɗanda ba su fi tafin hannuna ba. Ga tabarau, ga ƙafafun roba da sandunan guragu, ga tukwane da kwanoni da buroshin aski. Tukwanen nan su suka tsayar da ni, don duk mace ta san ba a ɗaukar tukunya sai in ana sa ran za a kafa murhu a inda za a je. An ce musu ƙaura za su yi, su ɗauki abin da za su iya, shi ya sa suka rubuta sunayensu da manyan baƙaƙe a jikin akwatunansu don kada su ɓace a hanya. Akwatunan suna nan da sunayen, wasu har da ranar haihuwa. A wani ɗakin kuma, inda aka hana ɗaukar hoto, gashin kan mata ne kusan tan biyu, wanda ake askewa a zuba a buhu a sayar wa masaƙu. Allah Sarki! A nan wata dattijuwa Baturiya da muke tare ta dafa bango, ni kuma na riƙe mata jaka, ba wadda ta ce wa 'yar uwarta uffan.

Daga ƙarshe aka kai mu ɗakin iskar guba na farko da tanderun ƙona gawa, wanda har yanzu yake tsaye. A gefensa akwai wurin da aka rataye kwamandan sansanin, Rudolf Hos, a watan Afrilun 1947. Jagorar ta nuna mana wajen gidansa, taku kaɗan daga nan, inda ya zauna da matarsa da 'ya'yansa biyar, da lambu da furanni. Wannan ya tsaya mini a rai a matsayina na mai rubutu. Mu a littattafanmu in za mu kawo mugu sai mun ba shi jajayen idanu da murtuke fuska, ko mu kai shi wurin boka, don mai karatu ya gane shi tun daga shafin farko. Shi wannan da safe zai fita aiki, da yamma ya dawo ya yi wasa da 'ya'yansa. Akwai magatakarda masu cika rajista, da likitoci masu tantance wanda zai yi aiki da wanda za a kashe, da ma'aikatan jirgin ƙasa masu tsara lokaci. Mugun gaske ba shi da kama, kuma ba shi kaɗai yake aikinsa ba.

Bas ya sake ɗaukar mu tafiyar kilomita uku zuwa Birkenaw, sansani na biyu da aka fara ginawa a 1941, kuma a nan aka yi mafi yawan kisan. Fili ne fetal iya ganinka, da layin dogo da ya ratsa ta ƙarƙashin hasumiyar ƙofa ya shige har ciki. An ja layin ne zuwa ciki a 1944, lokacin da aka kwaso Yahudawan ƙasar Hangari sama da 400,000 cikin 'yan makonni, tsakanin Mayu da Yuli. A bakin layin ake raba su, masu ƙarfi gefe guda, tsofaffi da yara da masu goyo ɗaya gefen, kuma waɗannan na biyun yawanci ba sa kai dare. Akwai tarago guda da aka bari a kan layin, irin na ɗaukar dabbobi. Ɗakunan gubar kuwa kangaye ne yanzu, don Jamusawan da kansu suka tarwatsa su da nakiya kafin su gudu. Wannan ya nuna sun san abin da suka aikata. Ranar 27 ga Janairu 1945 sojojin Sobiyet suka iso suka tarar da kimanin mutum 7,000 da suka rage, yawancinsu marasa lafiya. Wannan ranar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe a 2005 don tunawa da su.

Daga nan fa sai aka ce mu hanzarta mu shiga mota, akwai tikitin ramin gishiri da ke jiran mu da lokacinsa. Aka miƙo mana burodi da ruwa. Na ce wa Auta, "Kai yanzu har za ka iya cin wani abu?" Ya ce, "Yaya, daure ki ci, matakala 800 ke gabanmu." Motar ta yi tsit na tsawon lokaci, sannan a hankali wani ya fara duba waya, wata ta yi dariya ƙasa-ƙasa, direba ya kunna rediyo. Ban ga laifin kowa ba, haka ɗan Adam yake, ciki ba ya zaman makoki.

Wiyelicka yana kudu maso gabas da Karako, bai kai kilomita 20 ba. Tun ƙarni na 13 ake haƙar gishirin dutse a wurin, ba a daina haƙar kasuwanci ba sai 1996. Ramin hawa tara ne zuwa ƙasa, zurfinsa mita 327, hanyoyin cikinsa sun haura kilomita 200, amma baƙi kilomita uku da ɗoriya kawai ake zagayawa da su. Da farko za ka sauka matakalar katako 380 a jere, kana juyawa kamar mai tuƙa tuwo, har sai ka kai zurfin mita 64. Ni da na san gishirin Bilma da ake kawowa kantu-kantu a kan raƙuma, sai ga ni a cikin gishirin kansa, bango gishiri, daɓe gishiri, rufi gishiri, launinsa toka-toka kamar dutse. Jagoran ya ce wanda yake shakka ya lasa, kuma wallahi an samu masu lasa.

Tarihinsa yana da daɗin ji. A ƙarni na 14, zamanin Sarki Kazimir, kuɗin gishiri ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shiga baitulmalin sarautar Folan. Suna da tatsuniyar wata gimbiya mai suna Kinga 'yar ƙasar Hangari, wadda ta jefa zoben baikonta a ramin gishirin ƙasarsu, da ta zo gidan miji ta sa aka haƙa ƙasa, aka tarar da zoben a cikin dunƙulen gishiri na farko. Ga mutum-mutumin mahaƙa masu rarrafe da wuta a kan doguwar sanda suna ƙone iskar gas kafin ta taru ta fashe, aikin da ake shigarsa rai a hannun Allah. Ga labarin dawakan da suka rayu a ƙasa suna jan kaya, na ƙarshensu sai 2002 aka fito da shi. A zurfin mita 101 kuma akwai majami'ar da mahaƙa uku suka shafe shekaru sama da 60 suna sassaƙawa, tsawonta ya haura mita 50, hatta manyan fitilun da ke reto a sama da ƙwayoyin gishiri aka yi musu ado. Kowa ya ɗaga kai yana mamaki, ni ma na yi, don abin a yaba ne.

Sai dai yaƙin da muka baro da safe ya riga mu sauka. A 1944 Jamusawa sun kawo fursunoni Yahudawa cikin wannan ramin don su kafa musu masana'antar kayan yaƙi a inda bom ba zai same ta ba. Ba a kai ga fara aiki ba sojojin Sobiyet suka matso, aka kwashe fursunonin zuwa wasu sansanonin. Jagoran ya faɗi wannan a jumla biyu ya wuce, masu hoto suka ci gaba da hotonsu. Ni kuwa a nan na ga cewa wuraren biyu ba a banza suke a tikiti ɗaya ba. Ƙasa ɗaya ce, mutane iri ɗaya ne, haƙuri da iya tsari iri ɗaya ne. Hannun da zai iya sassaƙa dutse shekara 60 ba gajiya, irinsa ne ya shimfiɗa layin dogo har bakin ɗakin guba. Hukumar UNESCO ta sa ramin a jerin wuraren tarihi na duniya a 1978, sansanin kuma a 1979, shekara ɗaya ce tsakaninsu.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na zauna na rubuta wannan, ko da wasu za su ji haushina. Na sha jin samari a majalisa da kuma a intanet suna yabon Hitila, wasu ma suna cewa kisan nan ƙarya ce aka ƙirƙira, saboda zafin abin da suke gani ana yi wa Falasɗinawa. Zafin nan ni ma ina jin sa, kuma ba wanda zai ce in daina. Amma yarinyar da takalminta yake bayan gilashin nan ta mutu tun kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948, ba ta ƙwace gonar kowa ba, ba ta rushe gidan kowa ba. Wanda ya yarda a kashe yaro saboda ƙabilar iyayensa, to ya sayar da bakin da zai yi kuka in an zo kan nasa. Hitilan da ake yabo kuwa, a ma'auninsa baƙar fata ba cikakken mutum ba ne. Kuma abin bai fara da ɗakin guba ba, ya fara ne da magana, da cewa waɗancan su ne matsalarmu, da hana su aiki da kasuwa, da maƙwabcin da ya kau da kai. Irin wannan maganar ba sai an je Turai ake jin ta ba.

Duk wanda Allah ya nufa da zuwa Karako, shawarata ya je wuraren biyu, amma in yana da hali ya raba su kwana biyu, don tafiyar haɗen takan ci wajen sa'a 11, kuma agogon direba ba ya jiran zuciyar kowa. In kuma yini ɗayan ne kawai gare shi, to ya sa takalmi mara tsini, ya tafi da rigar sanyi, kada ya ji kunyar yin shiru a cikin mota. 'Yan uwana marubuta kuma, mu riƙa tunawa da akwatunan nan masu suna duk lokacin da alƙalami ya ja mu zuwa zagin wata ƙabila ɗungurungum don mu burge mai saye.

Allah ya kare mu daga zalunci, ya kuma kare wasu daga namu.