Fitsari ya kai ni asibiti, aka gano ciwon gidanmu

1/
Shekarata 27 lokacin da fitsari ya fara yi mini gardama. In tashi sau huɗu cikin dare, in tsaya a banɗaki yana ɗiga da zafi, ga ciwo a ƙasan mara.

2/
Na ɗauka sanyi ne. Wata uku ina yawon kemis da masu maganin gargajiya. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa, har Yaya da muke ɗaki ɗaya.

3/
Da na je asibiti, likita ya ce furostet ɗina ne ya kumbura. Wani ɗan ƙullutu ne a ƙarƙashin mafitsarar namiji. Na ce likita, ai wannan ciwon tsofaffi ne. Ya ce na tsofaffi girma yake yi, nawa ƙwayoyin cuta ne, kuma yana kama matasa.

4/
Sai ya auna jinina, ya sake aunawa. Ya tambaye ni ko ina yawan ciwon kai, gumi da bugun zuciya. Wallahi duk ina yi, na ɗauka zafin gari ne.

5/
Tambayar da ta girgiza ni: "Akwai mai kumburin wuya a gidanku?" Baba, Allah Ya jiƙansa. Mun ce maƙoƙo ne. Gwaggo ma haka, ita har aka ce jifa ne.

6/
Gwaji ya nuna MEN2A. Ciwon gado ne daga ƙwayar halitta mai suna RET. Yana kawo sankarar tayirod a wuya, da ƙari a saman ƙoda mai tayar da hawan jini. In uwa ko uba na da shi, kowane ɗa rabi da rabi ne.

7/
Ba shi ya kumbura furostet ɗin ba, amma ba don fitsarin ba da ban je ba. Sai da aka cire ƙarin saman ƙoda kafin a taɓa wuyan, don jini na iya hauhawa ana cikin tiyata. Abin dariya, doxazosin da aka ba ni kafin aikin shi kakana ke sha don nasa fitsarin.

8/
Yanzu kullum da safe sai na haɗiyi maganin tayirod. Ƙannena biyu sun yi gwaji, ɗaya tana da shi. Yaya ya ƙi zuwa, wai lafiyarsa ƙalau. Ɗansa bai cika shekara uku ba.