Hancin Goggo da Hitar Gidan Baffa

A Jalingon ƙuruciyata ruwan zafi ba ya fitowa daga bango. A murhu ake ɗora shi, cikin babbar tukunya ko rabin duro, kuma duk wanda ya taɓa wankan asuba a watan Janairu, lokacin da hazo ya lulluɓe duwatsun Kona, ya san darajarsa. Muna cikin Jihar Gongola a zamanin, garin kuwa bai wuce hedikwatar ƙaramar hukuma da fadar Sarkin Muri ba. Rijiyar tsakar gida ce madogararmu. Idan ta ja baya da bazara sai a koma wa 'yan ga-ruwa, ko ramukan da ake tonawa a yashin Mayo Gwoi da Lamurde. Kowane ruwa da irin bakinsa: na wata rijiyar zartsi, na rafi ƙamshin laka, na randa sanyi da ƙamshin yumɓu. Wuta kuma ba ta ɓoye aibin ruwa, tona shi take yi, domin tururi ne ke ɗauko warin ya kawo shi hanci.

Goggo, yayar mahaifina, ita ke yi wa matan gidanmu wankan jego. Kwana arba'in, safe da yamma, ruwa na tafasa da ganyen darbejiya ko na tsamiya. Kafin ta jefa ganye ko ɗaya sai ta kamfato da ƙoƙo ta shinshina. In ta ji ƙauri, ta san ɗanyen itace aka tura. In ta ji ƙarni-ƙarni kuma ruwan ya yi ja, tsatsa ta ci duron. Wata rana aka sayo sabon rabin duro daga kasuwa, ya sha wanki da toka da yashi, amma da ruwan ya ɗauki zafi sai ta ce a sauke. "Wannan ya taɓa cin kananzir," in ji ta, "kuma abin da ya ci mai ko maganin feshi ba ya komawa na ruwa, balle a jikin mai jego." Duron ya ƙare a wurin zuba shara.

Ba Goggo kaɗai ke da wannan tarbiyya ba. Duk yaron da ya fara karatun Ishmawi ko Risala a zaure an koya masa cewa ana duba ruwan tsarki ta fuska uku, launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, kuma hukuncin yana rataye ne da abin da ya canza shi. Ruwan da ƙasar wurinsa ta canza yana nan da tsarkinsa, wanda najasa ta canza kuwa ya tashi daga aiki. Wato jin wari bai isa ba, sai an bi sawu an gano daga ina ya shigo. Ina ganin da wannan karatun mutanenmu suka tarbi famfo da tanki lokacin da suka iso.

Sun iso da ƙarfinsu bayan 27 ga Agusta 1991, ranar da gwamnatin Janar Babangida ta raba Gongola, Jalingo ta zama babban birnin Taraba. Ma'aikata suka kwararo daga Yola, gine-gine suka tashi ta ko'ina, aka fara haƙa burtsatse a gidaje. Baffana na cikin waɗanda suka dawo. Ya gina gida a wajejen Magami, da tanki a sama, da farar hita mai kamar ganga maƙale a bangon banɗaki. A gidansa na zauna lokacin ina sakandare, a nan kuma na fara murɗa famfo ruwan zafi ya zubo.

Bayan 'yan shekaru sai banɗakin ya soma warin ruɓaɓɓen ƙwai. Da safe ya fi tsanani, musamman in an kwana biyu babu wuta. Kowa ya kawo nasa zaton. Matar Baffa ta ce ƙadangare ne ya mutu a tanki, aka hau aka duba, babu komai sai ɗan laka. Wani maƙwabci ya ce ramin masai ne ke tsiyaya cikin burtsatse, wannan kuwa ya tayar da hankalin gidan, don har alwala aka daina yi da ruwan famfo. Akwai ma wadda ta rage murya ta ce a nemo malami, ba banza ba.

Goggo ta zo duba mara lafiya a asibiti, ta kwana a gidan. Da aka ba ta labari sai ta ce in kawo kofi biyu. Ta sa na tari na sanyi a ɗaya, na zafi a ɗaya, sannan ta ce mu fita tsakar gida da su, nesa da banɗakin. Na sanyi lafiya lau. Na zafi kuwa ko kusa da fuska bai kai ba ta kau da kai. Ta aike ni bakin burtsatse na taro kafin ya hau tanki, shi ma babu komai. Ta dubi ƙanenta ta ce, "Alhaji, rijiyarka ba ta da laifi, tankinka ma haka. Tukunyar nan ta bango za ka bincika."

Na daɗe ina jinjina wannan fita tsakar gida da ta sa muka yi. Sau da yawa warin da ake ɗora wa ruwa daga magudana yake tasowa: ruwan zafi ya sauka kan dauɗar sabulu da gashi da suka taru a bututu, ya kori iskar sama, mai wanka ya ɗauka daga famfo ne. In ka fita da kofi ka ji babu wari, ka huta da kiran kowa, magudanarka za ka wanke.

Mai gyaran famfo da Baffa ya kira dattijo ne mai natsuwa. Ya fara kashe makunnin wuta, ya tsiyaye gangar, baƙin ruwa mai guntun laka ya fito. Sannan ya zaro wata sanda daga ciki, duk ta zagwanye ta yi ramuka. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ita ake ci a bar tukunya. In na cire ta warin zai ragu, amma ba da jimawa ba hitar za ta huje." Baffa ya ce a yi abin da ya dace. Aka wanke gangar da ruwan kulorin, aka sa sabuwar sanda, aka ƙara zafin, aka jira ranar da wuta ta zauna sa'o'i da dama.

Sai daga baya na karanci abin da ke faruwa cikin gangar. Sandar ta maganiziyam ce, an sa ta ne don tsatsa ta ci ta a maimakon bangon ƙarfe. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan ɗauko ɗan gishirin farar wuta, wato salfet. Akwai kuma wasu ƙwayoyin bakteriya da ke son wurin da babu iska, mai ɗumi, mai laka a ƙasa. Yayin da sandar ke narkewa tana samar musu abin da suke buƙata don juya salfet ya koma iskar haidurojin salfaid, ita ce mai warin ƙwan nan, kuma hancin ɗan Adam na kama ta ko da kaɗan ce ƙwarai. Shi ya sa a inda matsalar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ake musanya sandar da ta alminiyam mai haɗe da zinki. Abin da ya fi jan hankalina shi ne rawar da ɗauke wuta ke takawa. An ƙera hita ne don ta riƙe ruwa da zafi sosai, amma a garinmu sai ta yi zafi awa biyu, ta wuni tana hucewa. Ruwa mai ɗumi-ɗumi a rufe kuwa, babu abin da ƙwayoyin nan suka fi so.

Sauran alamomin sun fi sauƙin kamawa. Ɗanɗanon ƙarfe da jan tabo a farin tufafi, ko dai tsohon bututun ƙarfe ne ya yi tsatsa, ko ƙasar wurin ce mai sinadarin ƙarfe. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya na 2007 ya ƙayyade shi a miligiram 0.3 cikin lita. In jan ruwan a ɓangaren zafi kaɗai yake, gangar ce ta fara lalacewa. Ɗanɗanon roba yakan zo daga sabon tanki da ya sha rana, ko daga bututun ruwan sanyi da aka haɗa wa hita don araha. Hamami na gansakuka ne a tankin da murfinsa ya tafi. Warin kananzir ko na tsohon man girki kuwa, a tambayi jarkar mai kura.

Akwai guda ɗaya da ba na so a yi wa jinkiri ko na dare ɗaya: ƙauri mai kama da ƙarnin kifi a kusa da hita ko makunninta. Wannan ba daga ruwa yake ba, waya ce ko robar makunni ke narkewa, a ɗakin da mutum ke tsayawa ba takalmi cikin jiƙa. A kashe daga babban makunni, a kira mai gyaran wuta.

Hancin Goggo ma yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗa. Ƙwayar lijiyonela, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a wani taron tsofaffin sojoji a Filadelfiya ta Amurka a 1976, tana yaɗuwa a ruwan da ke tsakanin digiri 20 da 45, tana shiga huhu ta feshin shawa, kuma ba ta da wari. Dalili ke nan da ake son ruwan cikin hita ya kai digiri 60, a sirka shi da na sanyi kafin ya taɓa jiki, musamman jikin yaro da tsoho. Haka rijiyar da ke kusa da masai na iya ɗaukar ƙwayar kwalara ko taifot alhali ruwanta garau yake. A unguwannin Jalingo da suka cushe yanzu, inda burtsatsen wannan gida ke jingine da ramin masan wancan, sai an kai ruwan ɗakin gwaji ake sanin gaskiyarsa.

Baffa ya ci gaba da kiran dattijon nan duk farkon hunturu ya tsiyaye gangar ya duba sandar, kuma ya kafa doka a gidan: ruwan hita na wanka ne da wanki, na shayi da girki a tara daga famfon sanyi a ɗora a wuta.