Ƙararrawar Mota Ba Ta Kama Ɓarawo

Mutane da yawa in sun sayi mota sai su kai a sa mata ƙararrawa, su koma gida su yi barci har da minshari, suna zaton sun ɗauki mai gadi. Ni kuwa a ganina ƙararrawa ba ta fi kare mai haushi daga cikin ɗaki ba. Aikinta kuka ne kaɗai, kukan kuwa ba shi da amfani sai in akwai mai fitowa. Mu mazauna gari mun sani, tsawa takan tashe ta, babbar mota in ta wuce takan tashe ta, har kunne ya saba, ba mai ko ɗaga kai.

Ɓarayi sun san haka sarai. Waɗansu sukan jijjiga mota da gangan dare bayan dare, har mai ita ya gaji ya kashe ƙararrawar da hannunsa. Waɗansu sukan yanke wayar batir, abin ya yi tsit. Waɗansu kuma sukan laɓe a bakin kasuwa da na'ura mai toshe saƙon rimot. Mai mota ya danna, ya juya ya tafi, alhali kuwa ƙofa ba ta kullu ba.

Har wa yau akwai motocin zamani da ba a zura musu makulli, muddin yana aljihunka sai su buɗe, su tashi. Ga irin waɗannan ɓarayi biyu sukan zo. Ɗaya ya tsaya jikin bangon gida da na'ura mai ɗauko saƙon makullin da ke rataye ciki, ta miƙa shi ga na'urar abokinsa da ke jikin motar. Ita mota sai ta ɗauka mai ita ne ya zo, ta buɗe, ƙararrawa ba ta ce uffan ba.

Abin da ya fi ƙararrawa amfani shi ne na'urar da ke hana inji tashi sai da makullinsa na ainihi. Ƙasashen Tarayyar Turai sun wajabta ta cikin sababbin motoci tun 1998. A Amurka, inda ba a yi wannan doka ba, motocin Kia da Hyundai masu yawa sun fito babu ita. Daga 2021 samari suka yi ta koya wa juna satarsu ta TikTok, har a 2023 kamfanonin biyu suka yarda su biya diyya wajen dala miliyan 200.

To, ya kai mai karatu, mene ne abin yi? Ɓarawo ba abin da ya ƙi kamar jinkiri da haske. Saboda haka ka sa wa sitiyari sandan ƙarfe mai kwado, wanda ake hangowa daga waje. In ka danna rimot, ka ja marfin ƙofa da hannunka ka tabbata. Da dare ka sa makulli cikin gwangwani mai murfi, nesa da ƙofar gida, gama ƙarfe yana tare saƙonsa. Ka ajiye mota inda akwai fitila da idon jama'a. In da hali, a ɓoye mata na'urar da ke nuna inda take. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Sauran magana guda, ita ce ta fi damuna. A 2022 an sace motoci fiye da 100,000 a Kanada. Da yawa an loda su cikin jiragen ruwa a Montreal, waɗansu kuwa an gano su a Ghana da Nijeriya. Watau kasuwarmu tana cikin masu ciyar da ɓarayin can. Kafin ka sayi mota 'yar Kwatano, lalle ka gwada lambar shasi da ta jikin takardu, ka nemi takardar kwastan, kada araha ta ruɗe ka. Wanda ya sayi motar sata, ran da aka gane ta, ya rasa mota, ya rasa kuɗi, ga kuma tsayuwa gaban alƙali. Da ba a samun mai saye, da ɓarawo bai hana kansa barci ba.