Bel Ɗin Da Ba Ya Kuka

Ɗan'uwa, in motarka mai shan dizal ce, daure yau ka buɗe littafin sabis ɗinta, ka duba yaushe rabon da a canza mata bel ɗin taimin, wanda a nan Ingila suke ce wa kambel. Ni ganau ne.

A gida mun saba sai mota ta yi kuka ake kai ta gareji. Birki zai yi ƙara, batir zai yi nauyi da safe. Shi kuwa wannan bel galibi ba ya gargaɗi. Roba ce mai haƙora a cikin murfi, ita ke daidaita juyawar ƙasan injin da ta samansa, don bawul ya rufe kafin fistan ya iso. A injin dizal babu sarari tsakaninsu. Bel na tsinkewa, fistan zai daki bawul ya lanƙwasa shi.

Makanikena ya gaya min lokaci ya yi, fam 450 har da famfon ruwa. A watan ake bikin ƙanwata, sai na tura kuɗin Kano. Na ce ai motar ta ci MOT. Ashe masu MOT ba sa buɗe murfin nan. Bayan wata uku, a kan M62 tsakanin Manchester da Leeds, ana ruwa, yara na baya, injin ya ɗauke ɗif. Kuɗin gyara ya zarce darajar motar, dole na sayar wa 'yan gwangwan. Da ita nake neman abinci, don haka wata biyu ko sisi ban tura wa Hajiya ba.

Kowane kamfani da wa'adinsa, na mil da na shekaru, wanda ya riga cika shi za ka bi, domin roba na tsufa ko mota na ajiye. Wasu motocin sarƙa gare su, ka tambaya. Ranar canji a haɗa da famfon ruwa da tenshona, aikin kwancewar ɗaya ne. In ta hannu za ka saya, nemi rasit. Babu rasit, ɗauka ba a canza ba.

Kuma kada ka ji nauyin ce wa mutanen gida su yi haƙuri wata ɗaya. Ni kunyar wannan maganar ce ta ci min mota.